In an ce ka tafi ƙauyen arewa da'awa ka zauna, ga yadda ake shiri tun daga Kumasi

Lokaci lokaci za ka ji a masallatanmu na Aboabo ko Asawase ko Tafo Zango ana cigiyar matashin malami da zai tafi arewacin Gana ya zauna a wani ƙauye, wai an gina masallaci babu liman, ko wasu 'yan mutane sun musulunta babu mai koya musu alwala. Kuma kullum ba a rasa yaro mai zafin nama da ya dawo daga karatu, ya ɗaga hannu ya ce ni zan je. Allah ya saka masa da alheri. Amma yawanci shirin da yake yi littattafai ne da lasifika da farar jallabiya, sai bayan damina ɗaya ka gan shi ya dawo Zango ya rame, uwargida ta yi yaji, masallacin can kuma an mai da shi wurin shanya masara. To Malam, da kai nake, kai da ka ce za ka je ka zauna. Masu fita kwana uku ko kwana arba'in su dawo nasu tsarin daban ne, ni zama nake nufi, da iyali da tukunya da tabarma.

Ka fara sanin ina ne ainihin wurin, don mu a nan duk abin da ya wuce Kintampo arewa muke ce masa mu huta, alhali tsakanin Saboba da Tumu tafiya ce mai nisa kuma mutanen ba sa jin yaren juna ko kaɗan. Konkomba suna wajen Saboba da Kpandai har su gangaro Nkwanta, Bimoba suna Bunkpurugu, Cakosi Chereponi, Sisala Tumu, Dagati Jirapa da Nandom da Lawra, Bulsa Sandema, Kasina Navrongo da Paga, Farafara kewayen Bolga, Kusasi Zebilla da Bawku, sai Birifo da Vagla can wajen Sawla da Tuna da Kalba. Kowa da yarensa da yadda yake gaisuwa da abin da yake ɗauka zagi. Kuma kar Hausar da kake ji a kasuwar Bawku ko tashar Tamale ta ruɗe ka, wannan ta 'yan kasuwa ce da direbobi da mahauta, ka bar kwalta ka yi awa ɗaya a kan babur za ka isa inda tsohuwa ba ta taɓa jin sannu ba. Wani lokaci ma yaren Tonawa, wato Twi, da ka tashi da shi a Kumasi ya fi Hausa yi maka amfani, saboda samarinsu da yawa sun yi aikin gonar koko a kudu, 'yan matan kuma sun yi kayaye, wato dako, a kasuwar Kejetia.

Kafin ka kwashi iyali ka je da ƙafarka sau biyu, ɗaya da rani ɗaya a tsakiyar damina. Can damina ɗaya ce, ba irin ta ƙasar Asante mai zuwa biyu ba, tana farawa wajen Mayu ta ƙare wajen Oktoba, kuma hanyar da ka bi a Janairu tana ƙura ba ita za ka tarar a Agusta da Satumba ba. A lokacin ne ake buɗe dam ɗin Bagre na Burkina, ruwa ya cika kogin Farin Volta ya shanye gonaki da hanyoyi, akwai yanki wajen Yagaba da Kubori da har laƙabin ƙasar waje aka yi masa saboda yadda ruwa ke yanke shi da sauran mutane. In ka je ka kwana, kar ka yi zuwan yini. Ka tambaya awa nawa ne zuwa asibitin gunduma a kan babur in an yi ruwa, ina mata suke ɗibar ruwa a watan Maris lokacin da rijiyoyi suka ƙafe, wa yake da motokin da zai iya ɗaukar mara lafiya da tsakar dare, a gindin wace bishiya ake samun sabis kuma na wane layi ne, MTN ko Telecel, sannan yaushe kasuwa take ci, don can ba da Litinin da Talata ake lissafi ba, a ƙasar Dagwamba duk kwana shida take zagayowa, a Bolga da Navrongo da Bawku duk kwana uku. Amsar waɗannan ita za ta gaya maka ko wurin na zuwa da jariri ne ko kuwa ka fara yin gaba kai kaɗai.

Sai maganar ƙofar shiga, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. Kakanninmu fatake sun san abin da ake kira mai masauki, ba sa shiga gari da ka. Ka nemi ɗan garin mai mutunci, dattijo in so samu ne, ko da ba Musulmi ba ne, shi zai kai ka gaban sarki, shi zai ce wannan baƙona ne. Ka lura da wanda ya fara rugowa ya tarbe ka da fara'a da Turanci, ba kullum ne shi garin ke girmamawa ba, kuma in ka shiga ta hannun mutumin da ke rigimar sarauta da wani gida to ka zama ɗan ɓangarensa tun kafin ka ajiye jaka. Gaban sarki ka cire takalmi ka durƙusa, ka kai goro, ka yi magana ta bakin mai isar da magana ko da sarkin yana jin Hausa. Daga nan ka ga asambiliman, wato kansilan yankin, shi ne zai san da kai a wajen hukuma.

Amma fa akwai mutum ɗaya da 'yan birni suke tsallakewa, tindana, mai kula da ƙasa. A wajen Konkomba da Dagati da Farafara da Talensi da wasu da dama, ƙasa a hannun tindana da shugabannin gidaje take, a wasu wuraren ma sarautar daga baya ta zo zamanin Turawa, shi kuwa tun asali yana nan. Shi ke yanka wa ƙasa kaza kafin shuka, don haka malami yakan ji nauyin zuwa gaishe shi. Ni a ganina ka je ka gaishe shi gaisuwar dattijo, babu abin da ya ragu a imaninka. Inda matsala take shi ne in ka nemi fili, don yana iya cewa ka kawo kaza ko tunkiya a yanka wa ƙasa, kai kuma ba za ka iya ba, ƙin kuma a bainar jama'a cin fuska ne. Mafita mai sauƙi ita ce shekarar farko kar ka nemi fili kwata-kwata. Ka karɓi ɗaki a gidan mai masaukinka, ka yi salla a rumfa. In lokacin gini ya yi, 'ya'yan garin da suka musulunta su ne za su nema a filin danginsu, su sun san yadda za su yi magana da iyayensu. Kuma ka sani kuɗin goro da ka bayar ba saye ba ne, aro aka ba ka ka noma, kaɗanya da ɗorawar da ke cikin gonar na mai ƙasa ne kar matarka ta taɓa su sai da izini, dasa mangwaro ko kashu kuwa a wurare da yawa kamar ka ce gonar ta zama taka ne, ka tambaya tukuna. Filin masallaci ko makaranta a rubuta shi a takarda da shaidu daga gidan masu ƙasar, a kai ofishin filaye na gargajiya in akwai a yankin, dokar filaye ta 2020 ta tanadi wannan. Dattijon da ya ba ka da baki zai rasu wata rana, 'ya'yansa ba su ji ba ba su gani ba.

Duk wannan ba sabon abu ba ne. Musulunci ya shiga arewacin Gana ta hannun Wangarawa da Hausawa masu bin hanyar goro zuwa Salaga, mutanen da suka zo da sana'a a hannu suka zauna baƙin sarakuna shekara da shekaru, suna koyar da yara suna auratayya, har wajen 1700 zamanin Na Zangina abin ya kama fadar Dagwamba. Malaman Wangarawa sun bi koyarwar Alhaji Salim Suwari, cewa Musulmin da ke zaune cikin waɗanda ba Musulmi ba ya riƙe karatunsa da halinsa na gari, ya zauna da su lafiya, shiriya ta Allah ce. Babban malami Alhaji Umaru na Krachi haifaffen Kano ne, ya zauna Salaga, ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi a 1934, bai zo da niyyar wata shida ba. 'Yan mishan ma, ba yabon addininsu nake ba, amma sun san aikin zama. Mutum huɗu na farko da ƙungiyar mishan ta Basel ta turo Osu da ke Ankara, wato Accra, a 1828 cikin shekara uku duk sun mutu, wanda ya biyo baya Andreas Riis sai da ya hau tudun Akropong a 1835 kafin aikin ya tsaya da ƙafarsa, kuma zuwa 1871 wani ɗan mishan ɗin, Christaller, ya gama juya Baibul cikin yaren Tonawa. Limaman cocin Katolika sun sauka Navrongo a 1906, sun buɗe Jirapa a 1929 da wanke gyambo da ba da magani, 'yan Baptis sun buɗe asibitin Nalerigu a 1958 kuma har yau Musulmi da Kirista da masu gargajiya duk can suke zuwa. Abin da za ka ɗauka a nan biyu ne, ciwo yana kashe mai niyya mai kyau, kuma wanda ya iya yaren mutane shi suke saurara.

Saboda haka yare shi ne aikinka na watannin farko, kafin wa'azi. Tun kana Kumasi ka fara, babu yaren arewa da ba za ka samu mai jin sa a Moshi Zango ko Aboabo ko wajen masu doya ba, wanda ke Ankara kuma kasuwar doyar Konkomba ta ishe shi makaranta. Ka samu mutum ɗaya ka riƙa biyansa ɗan abin shayi, kullum awa ɗaya, ka ɗauki muryarsa a waya ka yi ta maimaitawa. Ka fara da gaisuwa, ta safe da ta rana da ta mutuwa da ta haihuwa, sai ƙirga da sunayen dangi da kayan gona. A Tamale akwai cibiyar GILLBT, ta masu fassarar Baibul ce, sun yi ƙananan littattafan koyon karatu a yarukan arewa da yawa, ka saya ka yi amfani da su, littafin a ba ca dai ba shi da addini. In ka isa ƙauye ka zauna inda tsofaffi ke zama, ka bar yara su yi maka dariya, su ne za su gyara maka baki kyauta. Tafinta yana da amfani da farko amma kar ka jingina da shi har shekara biyu, ba ka san me yake ƙarawa ko ragewa ba, kuma mace ba za ta faɗa maka damuwar gidanta ta bakin ɗan maƙwabcinta ba.

Yanzu jiki. Ka sabunta katin inshorar lafiya na kowa a gidan tun kana nan, ana yi ta waya da *929#, ka haɗa shi da katin ɗan ƙasa, Ghana Card. Ka duba ko kowa ya yi allurar shawara, sau ɗaya ake yi a rayuwa, kuma a 2021 cutar ta ɓarke a yankin Savannah ta kashe mutane, ba tarihi ba ne. Gidan sauro mai magani ga kowane gado, har da na baƙo. Ka san ma'aikaciyar jinya ta ƙaramin asibitin CHPS mafi kusa tun ranar farko, ka karɓi lambarta, in zazzaɓi ya kama yaro a yi gwajin maleriya a ranar, kar a jira gobe ana jiƙa ganye. Da damina ana bin gida gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin maleriya wata wata, ka tabbata an rubuta naka.

Da rani kuma sanƙarau ne abin tsoro, daga hunturu zuwa zafin Maris da Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40. Zazzaɓi mai ƙarfi da ciwon kai da wuya ya sandare, wannan ba na tofi ba ne a zauna, ka yi addu'arka a kan babur kuna hanyar asibiti. Kar ku cunkushe a ɗaki ɗaya a rufe taga. Maciji kuma, wallahi 'yan birni ba sa ɗaukarsa da gaske sai sun gani. Akwai ƙaramin nan gobe-da-nisa, yana cikin gonar doya da tarin itace da ƙarƙashin kaɗanya, saransa yana hana jini daskarewa, mutum zai ga kamar ya samu sauƙi sai dasashi ya fara zubar da jini. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tamau da roba, a hana wurin motsi a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar dafi, kuma ka san wane asibiti ne tun kafin ranar. Takalmin roba mai tsawo da tocila mai kyau su shiga jaka kafin littattafai. Ruwa kuwa, in akwai famfon burtsatse ka gode Allah, in na dam ne wanda shanu ke sha a sa alum ya kwanta sannan a tafasa ko a jefa ƙwayar kilorin. Kurkunu dai an rabu da shi, tun 2015 aka tabbatar Gana ta fita, amma gudawa da taifot suna nan, tsargiya kuma tana jiran yaran da ke wanka a tafki. In gudawa ta kama yaro babu ORS, garin ruwan gishiri da sukari, a kusa, ka haɗa da kanka, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Sai abin da za ka ci. Kar ka dogara da alawus ɗin da wani Alhaji ko wata ƙungiya ta yi maka alkawari, da niyya mai kyau ake farawa, sai kasuwa ta juya ko kwamiti ya canza, MoMo, kuɗin da ake turowa ta waya, ya daina ƙara. Ka tafi da sana'a. Wata uku a Suame Magazine, unguwar makanikan Kumasi, kana koyon gyaran babur da facin taya ya ishe ka ci abinci a ƙauye, ko sola da wurin cajin waya, ko keken ɗinki, ko aski. In kana da takardar koyarwa ka bi ta sashen ilimin Musulunci na hukumar ilimi, wanda aka kafa tun 1987, ko za a tura ka makarantar da ke kusa. Kuma ka yi noma ko da eka ɗaya ce, masara ko gyaɗa, don a wurin da kowa ke fita gona da asuba namijin da ke zaune a inuwa da littafi ba a ɗaukarsa cikakken mutum, in suna gayya ka ɗauki fartanya ka je ko kunya ɗaya ka yi su yi dariya. Hatsi a saya da kaka, Nuwamba zuwa Disamba, a zuba a buhun PICS mai leda ciki don ƙwari, saboda daga Yuni zuwa Agusta rumbuna sun ƙare sabo bai nuna ba, farashi ya hau. A lokacin za a yi ta zuwa ƙofarka neman kwano ɗaya. Ka ware buhun bayarwa daban, kuma ka ba mai salla da mara salla daidai, ranar da aka gane masara tana bin sahu za ka samu masallaci cike a Yuli, wayam a Disamba.

Uwargida fa? Kai kana da masallaci da majalisa da babur, ita ce za ta bar famfo da gas da 'yan'uwanta da bikin suna na Zango ta koma ɗaukar ruwa a ka da girki da itace cikin matan da ba ta jin yarensu. Ka tambaye ta da gaske, ba tambayar da amsarta to kawai ba, kuma ka tafi da ita ziyarar nan ta damina ta gani da idonta. A yi yarjejeniya sau nawa za ta zo gida a shekara, a ware kuɗin motar tun farko. In tana da ciki, wata takwas ya same ta kusa da asibiti, Tamale ko Wa ko Bolga ko ma nan Kumasi wajen mamanta. Yaran da suka kai aji huɗu zuwa sama ka duba makarantar garin da kyau, in malami ɗaya ne ke riƙe aji uku gara su zauna wajen kakarsu su riƙa zuwa hutu. Kuma Malam, ina roƙonka, maganar ƙara aure da 'yar garin ka ajiye ta tukuna, a wajen Farafara da Kusasi sadaki da shanu ake biya kuma aure na dangi ne gaba ɗaya, in ya lalace da'awar ma ta lalace tare da shi. Sau da yawa ma ta hannun uwargida ake shiga gidaje, ita ce ke bakin famfo da wajen suna da wajen daka, matan za su san halinku ta wajenta tun kafin mazan su saurare ka.

Akwai ramuka da aka haƙa tun kafin ka zo. Mafi haɗari, a idon mutane da yawa malam mai magani ne, za a zo maka da neman laya da duba, wata rana kuma a kawo maka maganar wai wata tsohuwa ce ta kama yaro, ka duba mana. Kar bakinka ya taɓa kama sunan kowa, ko da wasa, ko da girgiza kai. Matan da ke zaune a sansanonin Gambaga da Gnani da Kukuo irin wannan zargin na maita ne ya raba su da gidajensu, wasu ma ba su kai can da rai ba. Ka yi wa yaron addu'a a fili ka ce a kai shi asibiti, ka raka su in ya yiwu. Na biyu rigimar manoma da Fulani, kai Musulmi ne mai jin Hausa, Fulanin za su zo sallar Juma'a wajenka, garin kuma zai sa ido ya ga ko nasu ne kai. In shanu sun ci gona aka kira ka tafinta, ka fassara abin da aka faɗa daidai ka bar hukunci ga sarki. Rigimar sarauta da ta ƙasa da siyasar jam'iyyun NDC da NPP kuwa ko ra'ayi kar ka bayar, yaƙin 1994 tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagwamba da Gwanja ya ci rayuka fiye da dubu kuma waɗanda suka gani suna raye, ta Bawku ma kowa ya san ba ta mutu ba.

Zaman yau da kullum kuma sai da haƙuri. Za ka ga tukunyar pito, giyar dawa, a kusan kowane gida, alade yana yawo, a wasu wuraren ana cin kare. Ba ka zo da sanda ba. In an miƙo maka ruwan baƙo ko ruwan garin gero ka karɓa da hannun dama ka kurɓa ko kaɗan ne, in nama ne ka ce cikin ladabi kai sai wanda aka yanka da sunan Allah, da yawansu sun san wannan, ba da daɗewa ba za ka ga ana kawo maka kaza da akuya ka yanka don kowa ya ci. In an yi mutuwa ka je gaisuwa ka zauna ka ba da gudunmawarka, a wajen Dagati musamman wanda ba ya zuwa makoki ba mutum ba ne, abin da ya shafi zuba wa kakanni giya sai ka koma gefe ba tare da ɓata fuska ba. Saurayin da ya musulunta kar ka raba shi da ubansa, ka ce masa ya fi da yin noman gonar gidan, ya fi da gaishe da tsofaffi, kuma a yi maganar yadda za a yi jana'izarsa da danginsa tun ana lafiya, don rigimar gawa ta fi kowace muni. Fasto ko katikis na garin ka je ka gaishe shi, wataƙila shi ne mai motar da za ta kai matarka asibiti. Babban Limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu da kansa ya shiga cocin Christ the King a Ankara a 2019, kai wane ne.

In ƙauyen yana kusa da iyakar Burkina ko Togo, ka san jami'an tsaro suna sa ido sosai saboda abin da ke faruwa a ƙetare, tun 2022 ake ta shelar duk wanda ya ga baƙon da bai yarda da shi ba ya kira 999, kuma baƙo mai gemu da ya zo ya tara yara yana koya musu Larabci shi ne irin wanda za a kira a kansa. Kar ka ji haushi, ka riga su. Ka tafi da wasiƙa daga limamin unguwarku da sarkin Zango, da ta ƙungiyar da ta tura ka in tana da rajista, ka kai kanka wajen limamin gunduma da ofishin 'yan sanda da na DCE, shugaban gunduma, ka ce ga ni ga inda nake. Baƙon da ba ka sani ba in ya nemi kwana a masallaci, mai masaukinka da asambiliman su sani.

Masu ɗaukar nauyinka za su so hoto da adadi, mutum nawa suka karɓi shahada wannan watan. Ka gaya musu tun a Kumasi cewa shekarar farko rahotonka zai zama na iya gaisuwa, na noma eka ɗaya, yara goma suna zuwa karatu da yamma da izinin iyayensu. In ba su yarda da haka ba gara ka sani yanzu. Kuma kar ka sa hoton sabon musulunta a WhatsApp ko Facebook ba da saninsa ba, ƙanensa da ke Techiman zai gani ya kira gida. Lasifika ka bar ta a akwati sai garin sun saba da kai ka nemi izini, kiran asuba da ƙarfi a garin da masu salla ba su fi goma ba neman magana ne. Tun daga watan farko kuma ka sa ido a kan yaro ɗaya ko biyu 'yan garin masu kai, waɗanda za a turo karatu Tamale ko Kumasi su dawo su riƙe limanci da yarensu.

Lokacin tashi mafi kyau Nuwamba ne zuwa farkon Disamba, hanya ta bushe, hatsi yana araha, zafi bai zo ba, kana da watanni kafin shuka ka san mutane. Kar ka cika mota da kujeru da kabad daga nan, katifa da bokiti da tukwane da jarka duk akwai su a Tamale da Wa da Bolga, kuɗin ɗaukarsu ya fi su tsada. Abin da ya cancanci tahowa daga Kumasi shi ne sola da batir mai kyau, kayan gyaran babur irin su tub da fulogi da sarƙa da famfon iska, akwatin magani, alluna da Ƙur'anai na yara, man leɓe da rigunan sanyi don hunturun can ba wasa ba ne, da takardunku cikin leda. In ta gabas za ka bi wajen Salaga ka tambayi lokacin jirgin fito na Yeji kafin ka tashi, in ya wuce ka sai kwana a bakin ruwa. Ka kwana a babban garin gunduma, ka kira mai masaukinka ya sanar da sarki, ku shiga ƙauyen da hantsi ranar da ba kasuwa ba kuma ba a makoki, goronka a hannu, a fara kai gaisuwa kafin a sauke kaya.